A Bar Mutanen Unguwa Su Raba Taimakon Unguwarsu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin attajirai da ma'aikatan hukuma da shugabannin ƙungiyoyin agaji a birnin Kano, har ta kai ana faɗinta ba tare da wani ya nemi hujja ba, wato wai talaka ba a ba shi amanar kuɗi, kuma wai duk taimakon da aka danƙa wa mutanen unguwa domin su raba da kansu ƙarshensa rigima ne da rub-da-ciki. A kan wannan zato aka gina kusan dukkan yadda ake yin alheri a garin nan. Mai dukiya shi ke yanke abin da za a bayar da ranar da za a bayar, yaransa su ke rubuta sunaye, mabuƙata kuwa nasu shi ne su yi layi cikin rana a ƙofar gida su jira abin da ya sauwaƙa. Ina ganin wannan zato kuskure ne a hankalce, kuma ya saɓa wa abin da malamanmu suka karantar, kuma babu wurin da ya fi Ƙofar Ruwa dacewa a fara rushe shi.

Duk wanda ya san kasuwar Ƙofar Ruwa ya san cewa a kan amana take tafiya. Rodi da kwano da bututu da kayan gyaran mota na miliyoyin naira suna fita daga rumfa zuwa rumfa a bisa kalmar baki, ɗan kasuwa ya bar wa yaron shagonsa makulli da ciniki ya tafi Ikko ko Sin sayen kaya, ya dawo ya karɓi lissafi bai rasa ko kwabo ba. Wannan yaro kuwa ɗan Gwammaja ne ko Dala ko Ƙofar Mazugal, a lungu yake kwana, a masallacin unguwa yake sallar asuba. To, ta yaya mutumin da aka yarda da shi a kan jarin mai gida tun safe har magariba zai zama maras amana da zarar an ce ya zauna da maƙwabtansa su duba wace ƙungiya ce ta cancanci a ba ta kuɗin yasar kwata? Haka kuma matan da ke cikin gidaje, waɗanda suka daɗe suna riƙe da adashe, uwar adashe ta tara zubi ta fitar da kwasa a kan lokaci babu takarda babu shaida, su ma an ɗauke su marasa wayon kuɗi, alhali da yawa daga auren 'ya'yan unguwa da jarin ƙananan sana'o'i daga hannunsu ya fito.

Abin da nake kira gare shi ba wani baƙon abu ba ne. A kowace unguwa ta cikin birni akwai ƙananan ƙungiyoyin taimakon kai da kai da suke aiki ba dare ba rana: samarin da ke fitowa da shebur da baro kafin damina su yashe magudanan ruwa, 'yan sintirin da ke hana ido barci, dattawan da ke kula da maƙabarta da kayan jana'iza, malaman Islamiyyar dare ta matan aure, da masu bin gida-gida suna tara kuɗin makarantar marayu. Waɗannan ba su da ofis, ba su iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci ba, saboda haka manyan gidauniyoyi ba su san da zamansu ba, kuma buƙatarsu sau da yawa ba ta wuce kuɗin baro biyu ko allon rubutu ko fitilar hannu ba. Abin da ya kamata shi ne 'yan kasuwa da masu hali su zuba sadakarsu a asusu guda na unguwa, sa'an nan mazauna unguwar su zaɓi kwamiti daga cikinsu, wanda zai saurari waɗannan ƙungiyoyi, ya auna buƙatunsu, ya ba kowace abin da ya dace, ya kuma bi sawun aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu ilimi za su ce, kuma da gaskiyarsu, zakka tana da masu cin ta guda takwas da Alƙur'ani ya ƙididdige a Suratut Tauba, ba a gina kwalbati da ita, ba a saya wa 'yan sintiri takalmi da ita. Na yarda, kuma shi ya sa dole asusun ya zama aljihu biyu, na zakka daban, na sadakar taɗawwu'i da hubusi daban, kowanne da littafinsa, da malami masanin fiƙihu a cikin kwamitin yana tsare iyaka. Amma ko a zakkar ma, shari'a ta karkata ne ga mutanen wuri. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umarce shi da ya karɓa daga mawadatan mutanen ya mayar wa matalautansu, kuma a mazhabar Imamu Malik da muke bi, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Halilu, ana raba zakka ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in can akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata. Hikimar wannan hukunci a fili take, domin sanin wane ne fakiri na haƙiƙa ba ya samuwa sai ga maƙwabci. Mai kamun kai wanda kunya ta hana shi roƙo, wanda gidansa ya kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, ba zai taɓa zuwa layi ba, kuma babu jami'in da zai gano shi daga kan tebur, amma matar da suke katanga ɗaya ta sani.

Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a shekarar 2003, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, kuma manufar kafa ta kyakkyawa ce. Sai dai hukuma guda wadda aka ɗora wa ƙananan hukumomi 44 ba za ta iya sanin lungunan Dala ɗaya bayan ɗaya ba, komai ƙwazon ma'aikatanta, kuma aikin da ya fi dacewa da ita shi ne ta zama mai sa ido da binciken lissafi a kan asusun unguwanni, ta bar zaɓen wanda za a ba ga waɗanda suka san shi. Rabon ƙofar gida kuwa mun ga inda yake kaiwa. A watan azumin shekarar 2024 mutane sun rasa rayukansu a turmutsitsin rabon kuɗin zakka a Bauchi, mafi yawansu mata, kuma babu mai shakkar kyakkyawar niyyar mai bayarwa, tsarin ne ya tara ɗimbin mayunwata a ƙofa ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan shawara ita ce son zuciya, wato kwamitin zai zama na 'yan uwan mai unguwa, ko 'yan siyasa su shige shi su mayar da shi wurin sayen ƙuri'a. Wannan haɗari ne na gaske, kuma wanda ya ce babu shi bai san garin nan ba. Amma ina tambaya, shin rabon da ake yi yanzu ya tsira daga son zuciya? Yaron Alhaji da ke rubuta sunaye a ɓoye, wa yake yi wa bayani? Bambancin shi ne ɓarnar da aka yi a unguwa ana ganinta, mai yin ta kuma zai haɗu da waɗanda ya zalunta a sahun salla da wurin ɗaurin aure da zaman makoki har ƙarshen ransa. Maganinta kuma sananne ne: a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a liƙa shi a bangon masallaci, a sauya 'yan kwamiti bayan wa'adi, a hana mai riƙe da muƙamin jam'iyya zama a ciki, kuma duk wanda ƙungiyarsa ta nemi tallafi ya fita daga zaure lokacin da ake shawara a kanta. Mata kuma lalle su sami kujerunsu, domin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya yi hubusi da gonarsa ta Haibara, 'yarsa Nana Hafsa ya yi wa wasiyyar kula da ita a bayansa.

Wasu al'ummai sun jarraba wannan hanya. A birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil, tun shekarar 1989 aka fara tara mazauna unguwanni su yanke inda za a kashe wani kaso na kuɗin gari. A Ingila kuma, ƙarƙashin shirin Big Local, an ware wa unguwanni 150 aƙalla fam miliyan ɗaya kowace, aka ce mazauna su tsara yadda za a kashe cikin shekaru masu yawa. Asalin wannan kuɗi na Ingila daga caca ne, abin da addininmu ya haramta, mu kuwa muna da tushe mai tsarki a sadaka da hubusi, kuma muna da umarnin shawara a cikin Littafinmu, saboda haka mu ne muka fi cancanta da wannan tsari.

A Gwammaja, 'yar tafiya kaɗan daga kasuwar Ƙofar Ruwa, gidan Malam Aminu Kano yake, wanda tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950 har rasuwarsa a 1983 bai gushe ba yana karantar da cewa talaka yana da hankalin da zai zaɓi mai mulkinsa. Abin takaici ne a ce a unguwar da aka yi wannan gwagwarmaya har yau ana ganin talaka bai isa ya zaɓi wace rijiya za a gyara ba. Ina roƙon shugabannin kasuwar Ƙofar Ruwa da limamai da masu unguwannin da ke kewaye da ita su zauna kafin azumi mai zuwa, su ware ko da ushirin abin da suka saba rabawa, su danƙa shi ga zaɓaɓɓen kwamitin mazauna na shekara guda, sa'an nan a karanta lissafin a gaban kowa a yi hukunci da abin da aka gani.