Kada Mu Yi Saurin Sayen Famfon Mai

'Yan'uwa manoma, a farkon daminar bana motar wata ƙungiyarmu ta gama kai ta ɗauko takin zamani, sai ta mutu a hanya, alhali allurar geji tana nuna tanki cike. Bakanike ya zo, ya ce famfo ne. Aka ɗebi kuɗi daga asusu aka sayo sabo. Bayan kwana biyu ta sake mutuwa. Takin ya yi mako bai kai gona ba, masara kuwa ba ta jiran kowa.

A ganina, in mota mai tanki biyu ta ƙi jan mai, kada a fara da zargin famfo. Ga dalili.

Tsakanin tankunan da inji akwai wani bawul, shi yake zaɓen tankin da za a sha. A motoci da yawa maɓallin da direba yake dannawa aiki biyu yake yi: ya juya bawul, ya kuma juya geji. To, in bawul ya maƙale, ko wayarsa ta tsinke, sai geji ya koma kan tankin baya, inji kuwa yana ta shan na gaba har ya ƙafe. Abin da ya sami motar nan ke nan. Da an ƙwanƙwasa tankunan biyu an ji wanda ba kome a ciki, da kuɗinmu yana nan.

Bawul ɗin yana da wata cuta kuma. Inji ba ya ƙone dukan man da aka turo masa, ragowar takan koma tanki ta wani tiyo dabam. In ana ɗiba daga wannan tanki ana mayarwa cikin wancan, sai ɗaya ya ƙare da wuri, ɗayan ya cika har ya riƙa tsiyaya ta murfi. An san motocin Ford na Amurka masu tanki biyu, na shekarun 1980 da 1990, da wannan hali. Saboda haka kafin kwamiti ya ce direba yana sayar da mai, a leƙa ɗaya tankin tukuna.

Gwajin ba wuya. In a tanki ɗaya kaɗai take mutuwa, laifin yana wannan tanki, ko tiyonsa, ko bawul. A kwance murfi a kasa kunne. In an ji ya zuƙi iska, ƙofar numfashin tankin ta toshe da laka, mai ba zai sauko ba. In a duka biyu take mutuwa, a duba filta, ita ce mafi araha. A inda famfo yake jikin inji, a sa tiyo cikin jarkar mai mai tsabta a haɗa da shi. In mota ta tashi, famfo lafiyarsa lau. Ban da taba ko fitilar kwai a kusa, kuma kada yaron mota ya zuƙi mai da baki. In motar gas ce kuma tanki ya ƙafe, iska ta shiga layi, sai an fitar da ita da ƙaramin famfon hannu, in ba haka ba a kashe batir a banza.

Na san direbobi za su ce tanki na biyu ajiya ce don ɓacin rana. Ban yarda ba. Tankin da aka bari wata da watanni da ɗan mai a gindi yakan yi gumi daga ciki. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda tiyo yake zuƙa, ya kawo tsatsa. Bawul ɗin da ba a juyawa shi ma sai ya ƙage.

Ina roƙon kowane kwamiti ya sa doka: a juya tanki kowane mako, a rubuta cikin littafin mota litar da aka zuba wa kowane tanki. Ma'aji kuma kada ya ba da kuɗin famfo sai an yi gwajin nan a gaban mutum biyu daga cikin 'yan ƙungiya.