Ruwa ba ya tsami banza: garake da iraniyom a jihar Agadas

Duk sa'ad da aka ce za a buɗe sabuwar mahaƙa a arewacin ƙasar nan, tambayar jama'a guda ce: mi haƙar za ta yi wa ruwan sha? Tambaya ce ta gaskiya. Amma akwai wata da ba a cika yi ba, kuma ita ce za ta yanke shari'a ran da rijiya ta ɓaci: mi noman rani ya riga ya yi wa wannan ruwa tun kafin buldoza ta iso?

Wurare biyu ake magana a kai. Imuraren, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, inda aka gano iraniyom a 1966, aka ba kamfanin Areva izinin haƙa a 2009, gwamnati ta janye izinin a watan Yunin 2024 ba tare da an fitar da ko tan guda ba. Sai Dasa, a gundumar Cirozerin, inda kamfanin SOMIDA ya fara haƙa hanyar shiga ƙarƙashin ƙasa a 2022. A jihar nan dai garake suke ƙaruwa: albasar Abzin da ƴan kasuwa ke lodi zuwa kudu, da filayen Irhazer waɗanda Areva ta yi alkawarin zuba musu kuɗin Turai miliyan 17, wato wajen miliyar 11 na Sefa, a yarjejeniyar 2014.

Mai karatu ɗan kasuwa ya yi wannan lissafi da kansa. A ce an ba hekta guda ruwa mita kib 10.000 a shekara, kowace lita kuma tana ɗauke da rabin giram na gishiri, abin da harshe ba ya ma ji. Rana da shuka za su shanye ruwan, gishirin ya tsaya: tan 5 ke nan, buhu 100 na kilo 50, a hekta guda, kowace shekara. Ba ya ɓacewa. Ko dai ya yi fari a bisa ƙasa kamar kanwa, ko ragowar ruwan ban ruwa ta gangara da shi zuwa inda rijiyoyi ke sha. Ƙoramun Abzin, irin su Telwa, kwanaki kaɗan suke gudu a shekara. Ambaliyar farko ta damina ita ke wanke abin da ya taru a garake, ta nutse da shi cikin rairayin da ƙauyukan gangare ke haƙa rijiyoyinsu.

Gishiri kam manoma sun san shi. Abin da ba a gani shi ne aikin takin zamani a ƙasa mai iraniyom. Muddin iska ba ta kai gare shi ba, iraniyom yana manne a jikin dutse, ruwa ba ya ɗaukarsa. Nitarat, wanda ke fitowa daga taki, yana yi masa aikin iska: ya sake masa kama har ya iya narkewa. Bikarbonat kuma, ɗan uwan kanwa, wanda ke ƙaruwa a ƙasar da ake nomawa ana shayarwa, shi ke riƙe shi cikin ruwa ya yi tafiya da shi. Injin ban ruwa ya ƙara nasa: in ruwan ƙasa ya ja baya, iska ta shiga dutsen da bai taɓa ganinta ba. An ga haka a Amurka. A 2010 masu binciken gwamnatin ƙasar sun danganta hauhawar iraniyom a rijiyoyin kwarin San Joaquin na Kaliforniya da ban ruwan gonaki, a 2015 kuma masanan jami'ar Nebraska sun nuna cewa inda nitarat ya yi yawa, can iraniyom ke yawa.

Kada a ɗauki wannan a matsayin wanke kamfanoni. Ruwan zurfi da ke ƙarƙashin laka mai kauri taki ba ya saurin kai masa, sai ta rijiyar burtsatse da ba a yi wa siminti da kyau ba. Haƙar ma'adini kuwa kai tsaye take ratsa shi. Arlit ma shaida ce: a 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa wuri biyar, huɗu suka wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin, kamfanin kuma bai yarda da rahoton ba. Abin tsoro shi ne gobe a samu irin wannan gardama a Dasa ko Imuraren, kamfani ya nuna garake da yatsa, masu garake su nuna kamfani, kowa da ɗan guntun gaskiyarsa, makiyayi kuwa yana shayar da raƙumansa.

Awon farko ne kawai ke raba wannan gardama. Dokar 2018-28 ta wajabta binciken muhalli kafin babban aiki, ofishin BNEE ke duba shi. Sai dai mai neman izini shi ke ɗaukar masu binciken, shi ke biyansu, kuma awo guda a rijiya guda ba ya faɗin komi a ƙasar da ruwan Afrilu da na Satumba ba su zama ɗaya ba. Kamata ya yi ma'aikatan ruwa na jiha su riƙa ɗiban ruwa sau biyu a shekara, ƙarshen rani da bayan damina, sama da garake da ƙasa da su, a rijiyar hannu da ta burtsatse, su auna gishiri da nitarat da bikarbonat da iraniyom. Iyakokin sanannu ne: miligiram 50 na nitarat a lita, mikrogiram 30 na iraniyom tun 2011. Sakamakon kuma a liƙa shi a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a Cirozerin da Dannat da Ingal, a ba ƙungiyoyin masu garake da shugabannin makiyaya kofi mai hatimi su ajiye.