Ɗiyata Tana Son Sayar da Kilishi a Faransa, Na Ce Ta Dakata



Daren Juma'ar da ta wuce ina zaune ƙofar gida nan Belbeji, sai ga kiran WhatsApp daga ɗiyar wana da ke karatu a Faransa. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, alfarma nake nema. Akwai wani mutumin Damagaram da zai taso ƙarshen wata. Don Allah ka haɗa mini kilishi kilo biyar da cuku, in riƙa sayarwa." Ta riga ta yi lissafinta tsaf. Duk Asabar tana dafa shinkafa da wake da dambun zogale a ɗakinta, faranti Yuro 10, wato sama da jika shida da rabi na sefa. In ta ƙara da kilishi, in ji ta, kuɗin haya ya fita, ta huta da jiran aike daga gida.

Na ce mata, "Ɗiyata, ba zan aiko ba." Ta yi shiru, na san ranta ya ɓaci. Ubanta kuwa sai murna, yana zaton na bi bayansa, shi da kullum yake cewa karatu aka tura ta, ba tuwo-tuwo ba. To su biyun duka ba su gane ni ba, shi ya sa na ga gara in faɗi ra'ayina a fili, don na san gidaje da yawa a Damargu suna da irin wannan gardama.

Maganar wana ta cewa abin kunya ne ɗalibi ya sayar da abinci, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ni kaina da na je Kumasi koyon Turanci, wata uku kuɗin gida bai iso ba. Wani dattijo ɗan Nijar mai tsire a Zango shi ya riƙe ni, ina soke nama a tsinke daga magariba har sha ɗayan dare. Wallahi Turancin ciniki da na koya bakin tukubarsa ya fi wanda na koya a aji amfani gare ni yau.

A can ne idona ya buɗe a kan wani abu. Abincin da Ghana take alfahari da shi, wani sashe nasa sunan Hausa gare shi. Waakye da suke layi a kansa da safe, shinkafa da wake ce, an dafa da karan dafi ta yi ja, an ƙara gari da taliya da ƙwai da yajinsu shito. Tuo zaafi kuwa ai tuwo da zafi ne. Ga koko da ƙosai, har Hausa koko suke ce masa. Hulɗar ta daɗe, tun zamanin fatauken goro da ke zuwa Gwanja da Salaga, ta bi ta zango-zango har Kumasi da Nima a Akra. Yau ɗan Ghana ya ɗauki waakye ya kai Landan, ya kai unguwar Bronx a Niyok, a shago mai suna a ƙofa da takardar izini a bango. Mu kuwa da muke da kilishi da cuku da fura, har yanzu a cikin akwatin matafiyi muke ɓoye su, an naɗe da zane kamar kayan sata.

Nan ne dalilina na hana ɗiyata yake. Dokar Tarayyar Turai ta haramta wa matafiyi shigo da nama ko kayan nono a jakarsa daga ƙasashe irin namu. Kilishi nama ne, cuku nono ne. In an kama a filin jirgi, a ƙwace, wataƙila har da tara a kan bawan Allah da ya yi mana taimako. Sannan takardar zaman ɗalibi a Faransa ta ba shi damar yin aikin albashi har awa 964 a shekara, amma ba ta ba shi damar buɗe kasuwancin kansa ba. A Ingila ɗalibin jami'a yana iya aikin awa 20 a mako lokacin karatu, sana'ar kansa kuwa an hana shi ɗungurungum. Ko Ghana da muke gani kamar gida, dokarsu ta zuba jari ta 2013 ta keɓe talla da ƙananan rumfunan kasuwa ga ƴan ƙasa kaɗai. Dattijon nan na Zango ya sha ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutane suka bar rumfuna da tukwane suka hau mota. Kullum yakan ƙare da cewa baƙo ya fara gyara takardarsa kafin ya hura wuta.

Kuma ku tuna, tun farkon 2024 ofishin jakadancin Faransa a Yamai yake rufe. Yarinyar da ta rasa takardarta yau, ba komawa za ta yi gobe ta sake nema ba. Shekara huɗu na karatu, da shanun da ubanta ya sayar, duk a ɗora su a kan kilo biyar na kilishi? Garin neman gira sai a rasa ido.

Na san abin da ɗalibai za su ce mini: "Kai kana Belbeji kana shan fura, mu muke cikin sanyi, mai gida yana buga ƙofa." Gaskiyarku. Ba ƙwaɗayi ya sa yaranmu ɗora tukunya ba. Kuɗin tallafin karatu yakan yi jinkiri, damina takan zo gardama, uba ya rasa abin aikawa. Duk wanda zai ce wa ɗalibi ya bar sana'a, to ya faɗa masa abin da zai ci. Ni ma ban ce ta bar girki ba. Cewa na yi ta canza hanya. Ta nemi aiki a gidan abinci mai rajista, cikin awannin da doka ta ba ta, a biya ta albashi, ta ga yadda ake auna tsadar faranti, yadda ake ajiye nama a sanyi, yadda ake amsa masu binciken tsabta. Ranar bikin ƙungiyar ɗalibai ta dafa dambunta mutane su san hannunta. Kilishi in tana so, ta sayi naman halal a can ta gwada a tanda, ƙuli-ƙuli da yaji ba su gagare ta ba. In ta gama digiri na biyu, akwai takardar shekara guda da Faransa ke ba wanda ya kammala don neman aiki ko kafa kamfani. Ranar nan ta buɗe shagonta, ni zan fara taya ta talla.

Sauran maganar tamu ce, mu da muke gida. A 2021 ƙungiyar OAPI ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Abin farin ciki ne, amma takarda ba ta shanya nama. Dubi kasuwar dabbobinmu. Damargu ƙasar gero ce da kiwo, kwarin Tarka cike da garke, amma sa da rago a tsaye suke barin mu, a yanka su a wani wuri, a sarrafa a wani wuri, ribar ta zauna can. Matan Buzaye da na Fulani da ke yin cuku, a kan tabarma suke sayar da shi, ba leda mai suna, ba kwanan wata. Tun 2011 Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta daga Tanut. Ya kamata a ce mun fara tambayar masu mulkinmu da masu kuɗinmu: ina mayanka mai tsabta, ina wurin shanya da ƙuda ba ya sauka, ina ƙungiyar mata da za ta rufe cuku ya kai Kano da Kwatano da Akra ba tare da ya lalace ba? Kasuwar maƙwabta ma ba mu cika ta ba, balle Turai mai sharuɗɗa masu tsauri. Yaranmu da ke karanta kimiyyar abinci da likitancin dabbobi a Yamai da Maraɗi da ƙasashen waje, ga aikin da ke jiran su.

Iyaye kuma, don Allah mu daina yi wa yaro gorin tukunya. Mu tambaye shi ko abin da yake yi doka ta yarda, mu tambaye shi ko ya ci jarrabawa. In amsa biyun ta yi daidai, mu sa masa albarka.

Shekaranjiya ɗiyata ta sake kira. Ta ce ta kai takardunta wani gidan abinci na ƴan Afirka ta Yamma, sun ce ta zo gwaji ranar Asabar. Fushin bai gama sauka ba, don ta ce, "Baba, ko yaji ne dai ka aiko mini." Na ce ta fara tambayo ko shi an yarda ya shiga.

Allah ya tsare mana yaranmu a duk inda suke, ya dawo mana da su da ilimi da sana'a. Amin.