Ƙafar Baba da Ƙafar Ɓera



A bara mahaifina ya dawo daga kasuwar goro ya zauna alwalar magariba, sai ƙanwata ta hango jini a silifas ɗinsa. Ashe ƙaramar ƙusa ce ta huda takalmin ta shiga tafin ƙafa, shi kuwa bai san lokacin da ya taka ta ba. Shekara tara yana fama da ciwon suga. Duk wata ana tsaga masa yatsa a auna jini, amma ba a taɓa ce masa ya cire takalmi ba.

A asibiti ni na yi tafinta. Nas ta ɗauko wani siririn zaren roba kamar igiyar fatsa, wanda ke lanƙwashewa idan nauyin dannawa ya kai giram 10. Ta ce Baba ya rufe ido, duk inda ya ji taɓi ya ce e. Wallahi ina kallo tana danna babban yatsansa, yana zaune shiru yana jira a fara. Suga ya daɗe yana cin jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, kuma daga yatsun ƙafa yake somawa, domin jijiyoyin can sun fi tsawo. Likitoci sun ce kusan rabin masu suga za su gamu da wannan a rayuwarsu.

Da na koma gida na bi intanet, sai na tarar da irin zaren nan ake gwada ɓeraye a ɗakin bincike. Ana yi wa ɓera allurar streptozotocin, ta kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, ya kamu da suga. Sannan a riƙa tsikarar tafin ƙafarsa da zare mai ƙarfi daban-daban, ko a haska masa zafi a ƙirga daƙiƙa nawa kafin ya janye. Ba wanda ke tambayarsa yaya jiki. Mu kuwa dattawanmu, ko ƙafa ta mutu murus, amsar ɗaya ce: lafiya lau, alhamdulillahi. Godiya ga Allah wajibi ce, amma a nan rashin jin zafin shi ne cutar, don haka bakin mara lafiya ba zai zama shaida ba. Dole a auna.

Wani zai ce in an gano ma me za a yi, tunda jijiyar da ta lalace da wuya ta dawo? Gaskiya ne. Akwai ma magungunan da suka yi aiki a jikin ɓera, da aka zo kan mutum suka gaza (sai ku auna maganar masu lasifika a tasha da ke cewa kwalba ɗaya ta gama da suga). Amma wanda ya san ƙafarsa ba ta ji zai daina yawo ba takalmi, zai daina tsoma ta a ruwan zafi ko kara ta a garwashi, zai zazzage takalmi kafin ya sa. Daga ɗan miki ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Ra'ayina, duk mai suga a cikinmu ya nemi a duba ƙafarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, kada ya jira likita ya tuna. In babu zare, akwai gwajin da likitocin Ipswich a Ingila suka wallafa a 2011: ya rufe ido, ka taɓa kan yatsa na farko da na uku da na biyar a kowace ƙafa, a hankali, ba dannawa. In bai ji biyu cikin shida ba, sai asibiti.

Yanzu duk Juma'a kafin masallaci ni ke duba tafin Baba da tsakanin yatsunsa. Da farko ya ce raini ne. Jiya shi ya kira ni da kansa, har ya ce in duba na abokin cinikinsa ma.