Gigin Tsufa Ciwo Ne, Ba Maita Ba

Jama'a, akwai wata cuta da mu ke gani a gidajenmu kullum amma ba mu ɗauke ta cuta ba. Tsoho ya fara mance sunan jikansa, ya yi salla ya koma ya sake, ya fita gona ya kasa gane hanyar gida. Sai mu ce gigin tsufa ne, mu yi dariya. In kuwa tsohuwa ce marar gata aka tsince ta da dare a ƙofar gidan wani, wataƙila a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Wannan zalunci ne, ilmi kuwa ya riga ya tona asirin abin.

A shekarar 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bincika ƙwaƙwalwar wata mata da ta mutu da irin wannan ruɗewa. Ya tarar ƙwaƙwalwar ta motse, wasu abubuwa kamar ƙullutu sun taru a cikinta. A zamaninsa sai bayan mutuwa a ke ganin haka. Yau na'urar MRI, wadda ke aiki da ƙarfin maganaɗisu, tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mai rai ba tare da an tsaga ba. Hoton yana nuna wani ɗan sashe mai lanƙwasa da a ke kira hifokamfas, watau ma'ajiyar sabbin abubuwan da mutum ya gani ko ya ji, yana cikin waɗanda su ke fara ƙanƙancewa. Shi ya sa tsoho ya kan tuna bikin aurensa sarai, ya mance abin da ya ci da safe.

Sa'an nan masana suka shiga koya wa kwamfuta karanta waɗannan hotuna. A kan nuna mata dubbai, a ce wannan na mai lafiya ne, wancan na majinyaci, har ta kai ga rarrabewa da kanta. A Amurka an kafa shirin tara irin hotunan, mai suna ADNI, a 2004.

To, a nan ne ya kamata mu yi hattara. Dillalin da ya saba da bunaji kaɗai, ran da aka kawo masa rahaji sai ya yi kuskuren ƙiyasi. Yawancin hotunan da aka koyar da kwamfuta da su na Turawa ne masu zurfin karatun boko, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke da cutar, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa a ƙasashe marasa ƙarfin arziki su ke. Bambanci kuma akwai shi. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis ya nuna cutar ta fi kama baƙar fatar Amurka sau biyu da wani abu bisa Yarabawan Ibadan. A Zariya, binciken da aka buga a 2011 ya sami kusan tsoho 3 cikin 100 da ita. Saboda haka tilas likitocin asibitocin koyarwa na Katsina, Kano da Zariya su tara hotunan mutanenmu, da yardarsu, kada a auna mu da mudun wasu.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kusada da na'urar da sai ya yi doguwar tafiya, ya sayar da akuyoyinsa, kafin ya shiga cikinta? Da gaskiyarsa. Amma akwai aikin da ba ya jiran na'ura. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da a ke iya gyarawa su ke da hannu a wajen kashi 45 cikin 100 na cutar. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, kurumtar da ba a kula da ita ba, da ƙarancin karatu tun ƙuruciya. Ashe malamin da ya hana yarinya barin aji yana yi mata tanadin tsufanta ne.

Shawarata uku ce. Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya ta koya wa ɗalibanta gwajin tunani da Hausa, wanda ba zai kayar da mahaddacin Alkur'ani don bai iya boko ba. Likitocin Ibadan sun tsara irinsa da tsinkayen ashana. Akawunan ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su matsa a riƙa auna jinin dattawa ran kasuwa, a kuma rubuta. Malamai kuwa su tsawata wa yara, su gaya musu tsohuwar da ta ɓata hanya majinyaciya ce, a kama hannunta a kai ta gida.

Duk wanda Allah ya ba tsawon rai, shi ma yana kan wannan hanya. Allah ya sa mu gama da hankalinmu, amin.