Ƙofar Ruwa: Ina Za Mu Sha Iska?

A Ingila akwai wata hukuma, Canal & River Trust, wadda tun shekarar 2012 take kula da hanyoyin ruwa masu tsawon kusan mil 2,000, kuma a gefensu akwai turba ta masu tafiya a ƙasa. Nan tsoho zai fito da sandarsa, mai kare ya fito da karensa a ɗaure. Idan aka ba Bakano wannan labari, dariyar karen zai yi. Ni kuwa a ganina, turbar ce abin dubawa.

A matsayina na ɗalibin harshe, na san sunan wuri ba ya faɗowa daga sama. Ƙofar Ruwa ta ci sunanta ne a zamanin da birni ke da kududdufai da gonaki a cikin ganuwa. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin badala, ga kuma ruwan Jakara a tsakiyar gari. Yau wanda ya ambaci Ƙofar Ruwa, rodi da kayan gini yake nufi. An cike kududdufai an yi shaguna, an ci badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kimanin shekaru 900 da suka wuce. Hausa tana da kalmar "shan iska", amma wurin shan ya ɓace.

Shi ma kare ba baƙo ba ne a wurinmu. Da ba mu san shi ba, ba za mu ce karen bana shi ke maganin zomon bana ba. Shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta ko kiwo ko tsaron gona, kuma a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Abin tsoro shi ne karen da ba shi da ubangida, wanda ke yawo a bola yana yaɗa ciwon hauka.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kano da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da su killace abin da ya rage na badala, a dasa darbejiya, a fitar da turba ta masu tafiya a ƙasa. Mafarauci ko maigadi da zai bi da karensa, a wajabta masa sarƙa da allurar rigakafi. Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO. Da wane ido za mu nuna ta idan ta koma kwano da siminti?

Likita na cewa mai hawan jini da mai ciwon suga su riƙa tattaki. To, a ina? A tsakiyar motoci da adaidaita sahu? Allah Ya sa masu iko su ji.