Rogue Warrior: Yawan Ashar Bai Zama Jarumtaka Ba

A ƙarshen shekarar 2009 ne kamfanin Bethesda na Amurka ya fito da wani wasan kwamfuta na yaƙi mai suna Rogue Warrior, wanda har yau masu sharhi kan sanya shi cikin mafiya muni da aka taɓa kai wa kasuwa. A shafin Metacritic, inda ake tattara makin da masu sharhi suka bayar, ko 30 cikin 100 bai samu ba.

An gina wasan ne a kan sunan Richard Marcinko, hafsan sojan ruwan Amurka da ya kafa rundunar SEAL Team Six a 1980, ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa da wannan suna a 1992. A cikin labarin da aka ƙaga, an jefa shi Koriya ta Arewa a 1986, abokan tafiyarsa biyu suka halaka tun da farko, shi kuwa ya bi sawun makamai masu linzami har cikin Tarayyar Sobiyet. Kamfanin Zombie Studios ne ya faro aikin, daga baya aka karɓe shi aka miƙa wa Rebellion na Ingila. Mai saye ya biya dala 60, amma cikin awa biyu zuwa uku ya gama labarin kakaf. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

To amma ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne harshen da aka sa a bakin jarumin. An ɗauko ɗan fim Mickey Rourke ya ari muryar Marcinko, sannan aka ba shi abin da zai faɗa, kusan duk ashar ce tsagwaronta. Duk wanda ya yi nazarin harshe ya san ashar tana samun kaifinta ne daga ƙarancinta. Kalma ce da al'umma ta killace, shi ya sa idan ta kuɓuce wa mai kamun kai sai wuri ya yi tsit. Idan kuwa aka maimaita ta a kowane numfashi, kunne ya saba, sai ta koma kamar tari, ba ta tsorata kowa, ba ta kuma gaya mana komai game da halin mai furta ta. Marubutan sun ɗauka gishiri shi ne miya.

Ga kuma wani tufka da warwara. An ce wasan sanɗa ne, wanda ginshiƙinsa shiru da haƙuri, amma jarumin bakinsa ba ya rufuwa. Su ma abokan gabar an jera su sun juya baya, suna jiran a danna maɓalli guda a soke su da wuƙa. Ina sanɗar take, alhali babu wanda zai waiwayo?

A ganina, masu wasan sun raina hankalin masu saye ne, suka zaci suna da ƙaurin baki za su rufe ramin aikin da ba a yi ba. Ko a ƙarshen wasan, lokacin da sunayen ma'aikata ke wucewa, zage-zagen Rourke aka harhaɗa aka ɗora musu kiɗa, kuma wannan waƙar ce akasarin mutane suka fi tunawa da ita.